Soyayyiyar shinkafar farin kabeji: na saya, na kuma girka da hannuna

Duk wanda likita ya ce wa ya rage shinkafa, wannan girkin ya cancanci ya gwada shi. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ajiye wa mutum a ce masa shinkafa ce. Farin kabeji ne, wato cauliflower, aka goge ya zama ƙanana, aka soya shi da kayan da ake soya shinkafa da su. Wanda aka gaya wa gaskiya tun farko yakan ci ya ji daɗi, wanda aka yi wa rufa-rufa kuwa tun a lomar farko zai ture kwanon.

Saboda Innarmu na shiga neman sa. Tana da ciwon suga, kuma abincin dare ne ya fi ba mu wahala. A Sakkwato ina za ka kai mutum da shinkafa? Ga ta Wurno, ga ta Goronyo, da rana dafa-duka, da dare tuwo. Bambancin da ke tsakanin shinkafa da farin kabeji kuwa ba ƙarami ba ne. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da sitaci wajen giram 28 da kalori kusan 130. Giram 100 na ɗanyen farin kabeji kuwa sitacinsa bai wuce giram 5 ba, kalorinsa wajen 25, kuma daga cikin giram 5 ɗin nan kusan 2 harza ce da ba ta zama suga a jini.

Na fara da saye ne a wurin wata baiwar Allah da ke girkin masu rage ƙiba da masu suga, ana yi mata oda ta WhatsApp, mai kabu-kabu ya kawo. Hannunta na da daɗi, wannan ba na musu. Ta sa hanta yankakkiya ƙanana, da karas, da koren tattasai, da ƙwai, tafarnuwa da citta sun fito sosai, mai bai yi yawa ba. Inda aka samu cikas shi ne robar da ta zuba abincin. Da zafinsa ta rufe, kafin ya iso unguwarmu Arkilla tiriri ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa, rabin abincin ya caɓe. Da na buɗe murfin kuma sai warin nan na dafaffen kabeji ya fara yi mana sallama. Inna ta kai cokali biyu ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, wagga ba shinkahwa ta ba, amma tana ciyuwa." Ta cinye na saman, ta bar na ƙasan.

Na yi wa mai girkin magana, ta karɓa ba tare da ɓacin rai ba, kuma odar da ta biyo baya ta bar shi ya sha iska kafin ta rufe. Ya fi na farko nesa ba kusa ba. Sai dai kuɗin kwano ɗaya ya isa a yi cefanen miyar gida guda, don haka ba abin da za a dogara da shi kullum ba ne.

A gida ne na gane cewa duk rigimar girkin nan da ruwa ake yin ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na farin kabeji ruwa ne, shi kuma yake neman fita da zarar ya ji wuta da gishiri. Ina ɓare shi reshe-reshe in jiƙa a ruwan gishiri na ɗan lokaci, don tsutsa na ɓuya a lungunansa, sannan in baza a faranti ya tsane sarai. Da greta nake gogewa, ta gefen manyan ramuka, sai ya fito kamar tsakin masara. Bilenda na mayar da shi kunu in ba a yi hattara ba. Bayan gugar sai in zuba a tsaftataccen ƙyalle in matse da ƙarfi, ruwan da ke ɗiga zai ba ki mamaki.

Kasko mai faɗi ake so, da wuta mai ƙarfi. Ƙwan nake fara soyawa in kwashe, sai albasa da tafarnuwa da attarugu, sai hanta ko tsokar kaza da karas. Farin kabejin ne ƙarshen shiga, minti 4 zuwa 5 ana juyawa, ba a rufe kaskon ko sau ɗaya. Gishiri da kori sai dab da saukewa, lawashi kuma bayan an kashe wuta. In aka yi haka yana fitowa wara-wara, da ɗan garas-garas a baki, warin nan ma ba ya tashi, don daɗewa a wuta ne ke fito da shi. In mutanen gida na da yawa, a soya kashi-kashi. Cika kasko na sa ya dahu a ruwan kansa.

Akwai abin da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Ba ya riƙe ciki. In ba a sa ƙwai da nama da ɗan dama ba, kafin a kwanta yunwa ta dawo, mutum ya koma neman fura, an yi ba a yi ba. Yana kuma kumbura cikin wasu, musamman a farkon ci. Abin da ya fi damuna shi ne masu allurar insulin ko ƙwayoyin da ke saukar da suga da ƙarfi: in suka yanke sitaci dare ɗaya alhali magani na nan yadda yake, suga na iya faɗuwa ƙasa cikin barci. Mu sai da muka gaya wa likitan Inna kafin mu canza mata abincin dare, muna kuma gwada suganta da na'urar awo ta gida. Daren da ta ci wannan, awon bayan cin abinci yakan yi ƙasa da na daren tuwon shinkafa.

Samun sa a garin nan shi ne babban aiki. Shuka ce mai son sanyi, mafi yawan wanda ke zuwa mana daga Jos ake ɗauko shi, tafiya mai nisa a bayan mota. Lokacin hunturu ana samun mai kyau, fari tas, a dunƙule, ganyensa kore. Da zarar zafin Afrilu da Mayu ya kama, ma'auni ya haura 40, sai ka tarar ya yi rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, ga tsada, ga wutar da za a ajiye shi a firji ba tabbas. Wanda ya yi laushi ko reshensa ya fara warwatsewa, a bar wa mai shi.

A irin wannan lokacin kabejin da muka saba nake saya a kasuwar Ramin Kura, in yanka shi siriri ƙwarai in soya ta hanya ɗaya, don sitacinsa bai fi na farin da wani abin kirki ba. Ranar da Inna ta matsa sai ta ga ƙwayar shinkafa a kwanonta, ludayi ɗaya na dafaffiya nake haɗawa da biyu na kabejin a kasko guda.