Gargaɗi: masu tallar wuƙar aljihu ta jabu da abin da suke ɓoyewa a ƙarƙashin fallen ƙota

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, ta masu tallar wuƙaƙen aljihu masu naɗewa. Ina roƙon duk mai niyyar saye ya dakata ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi, domin bayan kuɗin da za a ci masa, yatsunsa ma suna cikin haɗari.

Tallar kusan iri ɗaya ce ko da sunan shafin ya canza. Za ka ga bidiyo, hannu yana juya wuƙa a ƙarƙashin fitila, ƙotarta na sheƙi, an shimfiɗa mata falle baƙi mai zanen saƙa ko na katako mai kyau. Za a ce maka ƙotar titaniyam ce zalla, fallen kuma kabon faiba ne ko G10, wato zaren kabon ko na gilashi da aka danne da ƙaro, ba ya santsi ko hannunka da jini da kitse. A jikin ruwan wuƙar an buga suna babba, na kamfanonin wuƙa na Amurka irin su Chris Reeve ko Hinderer ko Zero Tolerance, da lambar ƙarfe irin su S35VN ko M390. Farashin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ta gaske ba. In ka tambayi dalilin arahar, sai a ce kayan gwanjo ne, ko wani ne ya shigo da su daga Amurka yana neman kuɗi da gaggawa, saura ƙwaya kaɗan. Ka ba da rabi, a ba direba a tasha, ka cika in ta iso. Lambar asusun da za a turo maka kuwa sunanta daban da na shafin.

Wasu da zarar sun karɓi rabin nan suke ɓacewa, su toshe lambarka. Waɗanda suka fi damuna su ne masu aiko da kayan. Na riƙe ɗaya a hannuna, ta wani mahauci a unguwarmu da ya saya saboda aikin fiɗa, kuma abin da na gani a ƙarƙashin fallen nan ne ya sa nake wannan rubutu.

Sai an san yadda makullin irin wannan wuƙa yake aiki kafin a gane inda cutar take. Ana kiran sa firem-lok, wato makullin da ke jikin ƙotar kanta. Ana tsaga gefe ɗaya na ƙotar a fitar da wata sanda, a ɗan tanƙwara ta ciki. Da ka buɗe wuƙar, sandar sai ta faɗa bayan gindin ruwan ta tokare shi, ba zai koma ba sai ka ture ta da babban yatsa. Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu da ya koma garin Boise na jihar Idaho a 1989, shi ya fito da wannan tsari a wuƙarsa Sebenza a 1987, yana ɗorawa a kan makullin da Michael Walker ya gyara a 1980, wanda sandarsa siririya ce a ɓoye cikin ƙota. Hikimar Reeve ita ce sandar ta zama mai kauri kuma a fili, ta yadda in ka damƙe wuƙar, yatsunka su ƙara danna ta ciki. Iya ƙarfin riƙonka, iya ƙarfin kullewar.

To amma titaniyam tsirara yana da santsi, musamman a jiƙaƙƙen hannu, kuma in yatsa ya hau kan sandar lokacin buɗewa, wuƙar takan yi tauri. Shi ya sa masu ƙira suke ƙara falle. Wasu su sa shi a gefe ɗaya kawai su bar gefen makulli a buɗe, kamar XM-18 ta Rick Hinderer mai G10 a fuska da titaniyam a baya, ko 0562 ta Zero Tolerance da ake ƙerawa a Tualatin ta jihar Oregon. Wasu su fafe rami a jikin ƙotar su dasa katako ko Micarta, wato yadi ko takarda da aka danne da ƙaro, a ciki daidai wa daida. Wasu kuma su shimfiɗa fallen a sama har ya rufe sandar. Wannan na ukun ba laifi ba ne in gwani ya yi shi: yana ɗaure fallen da noti a ɓangaren da ba ya motsi, ya bar wa sandar fili a ƙasa, fallen har ya hana ta wuce iyaka in an ture ta waje. Sai dai akwai abin da aka sarayar. Tunda falle ya shiga tsakanin yatsunka da sandar, riƙonka ya daina taimaka mata. Ita kaɗai za ta riƙe ruwan wuƙar, da ƙarfin tanƙwararta da kyan haɗuwarta da gindinsa.

Nan ɗan damfara ya samu mafaka. Fallen ya rufe masa ainihin wurin da mai saye ya kamata ya duba. A wadda na riƙe, gam kawai aka shafa aka manna fallen, har gam ɗin ya zubo cikin tsagar. Da na ɗaga gefensa da farce sai ga sandar siririya, da ƙyar take taɓa bakin gindin ruwan. Na riƙe ƙotar ta gefe, na danna bayan wuƙar a kan katako a hankali, sai ta naɗe. Ku yi tunanin wannan a hannun mai fiɗa, ya tura tsini cikin gaɓa ya murɗa, yatsunsa huɗu na kwance daidai hanyar da kaifin zai dawo. Jijiyar yatsa in ta yanke, ɗinkin fata kaɗai ba ya mayar da ita, kuma mahauci ko tela ko makaniki da hannun nan yake ciyar da iyali.

Zanen saƙar nan ma da ake kira kabon faiba, takarda ce mai sheƙi aka liƙa a kan roba. Ku dubi kaurin fallen ta gefe. Kabon faiba na gaske da G10 da Micarta duk hawa-hawa ake danne su da ƙaro, na farko zaren kabon, na biyu zaren gilashi, na uku yadi ko takarda, don haka za ka ga layukan a gefen da aka yanka. In gefen sumul yake, zanen a sama kawai, to roba ce. Kuma roba mai sheƙi ta fi ƙarfen da ta rufe santsi in ta haɗu da kitse, wato abin da aka sayar maka don riƙo shi ne zai zame maka.

Batun titaniyam kuwa, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Buɗe wuƙar ka ɗora maganaɗisu a ƙarshen ƙotar, nesa da notuna da gindin ruwan. In ya manne da ƙarfi, ƙarya aka yi maka. In bai manne ba, kada ka saki jiki tukuna, don alminiyam da gaurayen tutiya ma ba ya kama su, kuma duka biyun ba su dace da sandar makulli ba. Nauyi ma shaida ne: titaniyam ɗin da ake ƙota da shi yana da kimanin giram 4.4 a kowane gutsure mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, ƙarfe kuwa kusan 7.8, alminiyam 2.7. Wanda ya saba riƙe wuƙa zai ji bambancin.

Kada kwali da takarda su ruɗe ku. Wuƙar Chris Reeve tana zuwa da kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, masu jabu kuma sun daɗe da koyon buga katin da kwalin. Sabuwar Sebenza ba ta yin ƙasa da dala 400, ku lissafa da canjin yau. Da ɗan maɓallin babban yatsa ake buɗe ta, ba ta da ƙahon nan na baya da ake fizga da manuniya, saboda haka duk wadda aka nuna maka da ƙaho da sunan Sebenza, magana ta ƙare. Lambar ƙarfen da ke jikin ruwan kuwa, duk mai injin zane zai iya rubuta abin da ya ga dama.

Ina so a fahimce ni, ba na cewa wuƙa mai araha ko ƙirar Sin ba ta da kyau. Kershaw Cryo a Sin ake ƙera ta, zanen Hinderer ne, ƙotarta ƙarfe, ruwanta 8Cr13MoV, kuma haka kamfanin ya rubuta ba ɓoye-ɓoye. Tana ma da wani ɗan faifai da ke hana sandar wuce iyaka, wanda Hinderer ya ƙirƙiro lokacin yana aikin kashe gobara da ceto, bayan ya ture sandar wuƙarsa fiye da kima a wurin wani haɗari. Kamfanonin Sin irin su Kizer da WE da Civivi da sunansu suke sayar da kayansu, suna kuma yin aiki mai kyau. Wanda ya saci sunan wani ya buga a kayansa ya riga ya nuna maka ba shi da abin da zai tsaya a kai, kuma wanda ya yi ƙarya a suna ba zai yi gaskiya a makulli ba.

Akwai kuma reshen damfarar na biyu. In ka koka cewa ƙotar na santsi, sai su ce akwai falle na musamman da za su aiko maka ka manna da kanka, ka ƙara kuɗi. Kada ka manna komai a kan sandar makulli ko ƙetaren tsagarta. Ko a wuƙa ta gaske, fallen da ya haɗe sandar da jikin ƙota zai hana ta shiga yadda ya kamata, ka ji ƙarar kullewa alhali ba ta zauna ba.

Wanda ya nace sai ya saya ta intanet, kada ya yi cinikin biri a sama. Ka ce a kira ka ta bidiyo kai tsaye, a juya maka gefen makulli, a buɗe a nuna maka cikin ƙotar ta ƙasa. Sandar ta shiga kamar rubu'i zuwa rabin kaurin gindin ruwan. In a baki-baki ta tsaya, ko ta zarce har ta taɓa ɗaya gefen, bar ta. A girgiza ruwan ka gani ko yana rawa. A nuna maka notunan da suka riƙe fallen, ko ramin da aka dasa shi. Mai kayan gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara cewa netiwok ba kyau, ko ya turo maka tsohon bidiyon nan na talla, ka rabu da shi. Kuma don Allah, yankan layya da fiɗar babbar dabba ba aikin wuƙa mai naɗewa ba ne ko ta nawa ce. Wuƙar maƙeranmu mai kube, wadda ruwanta ya shige cikin ƙota ba gaɓa, ita ta dace da wannan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya adana hoton hirar da rasit da lambar asusun, ya je bankinsa da wuri ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, sannan hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan koke. Ya kuma kai ƙarar shafin a manhajar da ya gan shi. Wanda wuƙar ta riga ta iso hannunsa kuma ta faɗi gwajin da na bayyana, kada ya sayar wa wani don ya rage asara, kada kuma ya ba yaro. Ya kwance notin tsakiya ya raba ruwan da ƙotar kafin ya jefar.