Girman dasashi bayan dashen ƙoda: tiyata ko canjin magani?

Wasu masu dashen ƙoda a nan Kaduna suna shan saiklosforin don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar. Maganin kan sa dasashi ya yi ta girma har ya rufe haƙora, musamman in an haɗa shi da nifedifin na hawan jini.

Tiyata, wato likitan haƙori ya yanke naman, tana kawo sauƙi da wuri. Amma muddin ana kan maganin, naman na iya dawowa.

Ni na fi son a fara duba yiwuwar canzawa zuwa takrolimus, wani maganin hana jiki ƙin ƙodar, wanda ba kasafai yake taɓa dasashi ba. Sai dai janyewar naman kan ɗauki watanni, kuma takrolimus yana iya jawo ciwon suga. Likitan ƙoda kaɗai ke da hurumin canza shi; wanda ya daina sha da kansa na iya rasa ƙodar.