Aldi da Lidl: me suke rage wa mai cefane a Ingila, me kuma ba su da shi

Duk wanda ya sauka Ingila don karatu ko aiki, shawarar farko da 'yan gida ke ba shi ita ce ya riƙa cefane a Aldi ko Lidl. Shawarar tana kan hanya, sai dai ba ta cika ba. Kantunan biyu na Jamusawa ne, Aldi ya shigo Birtaniya a 1990, Lidl kuma a 1994, kuma sun ƙara samun kasuwa ne lokacin da tsadar abinci a ƙasar ta haura kashi 19 cikin ɗari a watan Maris na 2023. Mutumin Najeriya ba zai ga wannan adadin da girma ba, tunda namu ya wuce kashi 40 a tsakiyar 2024, bayan cire tallafin mai da sakin naira. Amma dabarun da magidanci ke kare kansa da su a gida ba sa aiki a can. A Kano mutum zai jira kaka ya je Dawanau ya auni gero da masara na wata shida, ya taya a rage masa, in wata ya yi nisa mai shagon unguwa ya rubuta masa bashi. A Aldi babu tayi, babu bashi, kuma ɗakin haya ba shi da wurin ajiye buhu.

Abin da ya maye gurbin ciniki shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙasan farashi a jikin kanta, wanda ke nuna kuɗin kilo ɗaya ko giram 100. Wanda bai koyi karanta shi ba zai ɗauki ƙaramin ƙunshi yana ganin ya yi araha, alhali ya fi tsada in aka auna. Sauƙin kantunan ya samo asali ne daga ƙarancin zaɓi: mafi yawan kayan nasu ne na kansu, iri ɗaya ko biyu na kowane abu, an jera su cikin kwalayen da suka zo. Madara, ƙwai, burodi, fulawa, sukari, man girki, taliya, albasa, dankali, sabulun wanki da kunzugun yara, a waɗannan da wuya wani babban kanti ya doke su.

Wajen tukunya ne ake buƙatar sani. Shinkafar da aka rubuta wa "easy cook" turarriya ce, ita ce ta dafa-duka, ba ta caɓewa. Kada a saye ta don tuwo, ba za ta tuƙu ba. Tuwon shinkafa da waina suna son gajeriyar nan mai danƙo da suke kira "pudding rice". Tumatirin gwangwani mai giram 400 yana da araha ƙwarai amma yana da tsami da ruwa. A markaɗa gwangwani biyu da tattasai uku da albasa babba, a tafasa ba murfi har ruwan ya tsotse, sannan a soya cikin mai. Wanda ya zuba shi kai tsaye cikin mai zai sha miya mai tsami, ya ɗora wa kantin laifi. Kabewarsu doguwa mai wuya tana yin miyar taushe sosai, da daskararren alayyafo, wanda ya fi ɗanye auki nesa ba kusa ba. Gyaɗar miya kuwa a duba kwalbar da aka rubuta gyaɗa zalla, domin mai arahar akwai sukari a ciki, kuma taushe da zaƙi ba sa shiri. Babban bokitin yogot mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba shi ne ya fi kusa da kindirmo.

Daga nan kuma sai gazawarsu. Naman da ke yawancin rassan ba na halal ba ne, don haka nama da kaza sai mahautan Musulmi, waɗanda suke da yawa a garuruwa irin su Birmingham da Bradford da Manchester. Kifin gwangwani da daskararre ba su da matsala, sai dai a duba wanda aka lulluɓe da ƙulli, wani ana sa masa giya. Alewa mai taushi galibi da sinadarin gelatin na alade ake yin ta. Alamar da ke nuna abincin marasa cin nama ne tana raba gardama kan wannan, amma ba ta nufin babu giya a ciki, saboda haka kayan zaƙi sai an karanta bayansu. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, manja, gero da attaruhu na gaske, duk sai shagon 'yan Afirka ko na Indiyawa da 'yan Pakistan. Shinkafa ma, ga gida mai mutum huɗu, buhun kilo 10 na shagon Indiyawa yakan fi ƙananan ledojin Aldi sauƙi, haka kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari. Masu tunanin a aiko musu da kilishi su sani cewa doka ta hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya cikin kayan matafiyi, kuma ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Kuka da yaji da busasshiyar kuɓewa su ya kamata a cika jaka da su tun daga gida.

Tsakanin su biyun, Aldi ya fi sauƙin sha'ani: ba katin ragi, ba manhajar ragi, farashin da ka gani shi ne na kowa, kuma yana da kayan lambu shida da yake karya wa farashi yana sauya su lokaci-lokaci. Lidl yana da gidan burodi a ciki, da manhajar Lidl Plus mai ba da ragi, da kwalin kayan lambun da suka fara laushi, kusan kilo 5 a farashi mai rahusa, wanda yakan ƙare tun da safe. Kwalin na mai firji ne da lokacin yankawa a ranar. Wanda ya bar shi kwana uku ya sayi shara. Kayan da aka manna wa takardar ragi ma haka: in an rubuta "use by", ranar iyaka ce, a dafa ko a daskarar kafin ta wuce; "best before" kuwa maganar daɗi ce kawai, abin bai lalace ba.

A tafi da jaka, domin leda sayar da ita ake yi, da tsabar fam ɗaya ta cire keken zuba kaya. Masu karɓar kuɗi suna da saurin tsiya, ba a shirya kaya a gabansu, a mayar cikin keke a ƙarasa a bencin da ke baya. Ran Lahadi manyan kantuna a Ingila awa shida kawai doka ta ba su. Ba sa kai cefane gida, wanda ba shi da mota sai ya sa kuɗin bas cikin lissafi. Layin tsakiyar kantin, inda ake zuba tukwane da barguna da kayan aiki, nan ne ragin da aka samu a madara yake zurarewa.

Ɗalibin da bizarsa ta ƙayyade masa aikin awa 20 a mako lokacin karatu, haya da wuta da gas ne ke cinye kuɗinsa, abinci na bayansu. Aldi da Lidl ba za su taɓa wannan ba. Kuma a daina juya farashin albasa zuwa naira a tsaye gaban kanta. A auna shi da abin da awa ɗaya ta aiki ke kawowa a can.