Yadi, leda ko takarda: wanne ya fi dacewa da labulen tausasa hasken hoto?

Haɗa firam ɗin labulen tausasa haske ba wuya: fayif ɗin roba guda huɗu irin na masu aikin famfo, gwiwa huɗu, cikin rabin awa an gama. Inda aiki yake lalacewa shi ne wajen zaɓen abin da za a ɗaura a jikinsa. Masu ɗaukar hoto da yawa sukan shiga kasuwa su yanko duk farin yadin da ya fara shiga idonsu, sai an koma ɗakin aiki a ga fatar mutum ta ja shuɗi-shuɗi, ko a tarar inuwar hanci tana nan da kaifinta kamar ba a sa komai ba. Abin da ido ya kira fari, ba lallai kyamara ta yarda ba.

Aikin labulen shi ne ya mai da ƙaramar fitila ta zama babba. Kan filasha bai fi tafin hannu ba, shi ya sa inuwarsa take da kaifi. Idan hasken ya bazu a kan yadi mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu, yadin ne ya zama fitilar, gefen inuwa kuma ya yi laushi. Don haka tambayar farko a kan kowane yadi ita ce, yana ɓoye fitilar da ke bayansa? Ta biyu, haske nawa yake ci? Ana lissafin wannan da mataki: mataki ɗaya rabin hasken ya tafi, mataki biyu kashi uku cikin huɗu. Idan buɗewar idon kyamararka tana kan f/8 babu labule, yadin da ke cin mataki ɗaya zai mai da kai f/5.6, mai cin biyu kuma f/4. Ta uku ita ce launi, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Tun a shago za ka iya amsa ta farko. Kunna tocilan wayarka, ka riƙe ta kamar kamu ɗaya a bayan yadin, ka duba ta gaba. Idan kana ganin ƙwayar fitilar ƙarara, ko tana fitar da tauraro mai hannu huɗu, haske yana bi ta ramukan saƙa ne kai tsaye. Irin wannan yadin zai ba ka inuwa biyu a hoto ɗaya, mai kaifi a tsakiya da mai laushi a kewaye, kuma wannan ya fi rashin labule muni. Idan ƙwayar ta narke ta zama farin da'ira mara iyaka, to ka samu abin dubawa.

Da wannan gwajin gidan sauro ya fita daga lissafi, shi da siraran labulen taga da yadin mayafi mai shara-shara. Suna rage ƙarfin haske amma ba sa baza shi. Suna da amfaninsu idan rana ta yi zafi a kan farar riga kana so ka rage ta kaɗan, sai dai wannan wani aiki ne daban. Shadda ma a bar ta: ta yi kauri, tana ƙyalli, kuma zanen da ke cikin saƙarta yana sa haske ya fito tabo-tabo.

Farin yadin auduga, irin alawayyo ko farin zanen gado, shi ne ya fi sauƙin samu, daga Kantin Kwari har ƙaramar kasuwar gari. Yana ɓoye fitila sosai, haskensa yana da taushi a fuska, ba ya ƙara in iska ta kaɗa shi, abin da masu ɗaukar bidiyo da sauti za su yaba. Matsalarsa cin haske. Mai kauri yakan kai mataki biyu ko ya wuce, kuma yawancin hasken da ya ɓata baya yake komawa, ya daki bango ya dawo da launin fentin ɗakin. Da ƙaramin filasha mai batir, za ka ga kana harbawa da cikakken ƙarfi kana jiran caji bayan kowane hoto. Akoko, wanda ba a wanke shi da sinadarin faranta yadi ba, yana jan haske zuwa rawaya. Wasu suna son hakan a fata, masu fim ma suna amfani da irinsa da gangan, amma ga hoton kayan sayarwa inda mai saye yake son ganin ainihin launin atamfa ko takalmi, bai dace ba.

A nan ne batun launi yake da muhimmanci. Yawancin yadin da ke fari tas a kasuwa an sa masa sinadarin da ke shan hasken da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, ya mai da shi shuɗi mai ɗan duhu. Shuɗin nan ne yake danne rawayar zare har ido ya ga fari fat. A ƙarƙashin fitilar LED ba ya cika nunawa, domin ba ta fitar da wannan hasken sosai, amma a rana ko gaban wasu filasha sai yadin ya riƙa zuba shuɗi a fuska. Idan shi kaɗai ne fitilarka, za ka gyara a kyamara ko a kwamfuta. Idan akwai wata fitila a gefe da ba ta bi ta yadin ba, kunci ɗaya zai yi sanyi, ɗaya ya yi ɗumi, kuma babu maɓallin da zai daidaita su lokaci guda. Garin sabulun wanki da yawa yana ɗauke da wannan sinadarin, don haka yadin da ya zo lafiya yana iya lalacewa a wanki na farko. Bula kuwa kada ta kusance shi. Ruwa zalla ko sabulun sanda mara turare ya isa.

Yadin nailan mai layukan murabba'i, wanda ake ɗinka tanti da lemar sauka daga jirgi da shi, shi ne abin da aka fi ba wa masu haɗa nasu shawara, kuma da dalili. Ba nauyi, ba ya yagewa cikin sauƙi domin zaren ƙarfafawa da ke ratsa shi, yana bushewa nan take, ƙurar hunturu kuma da an kakkaɓe ta sauka. Siririnsa yana cin wajen mataki ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ga hoton mutane, musamman a waje inda ake riƙe labulen tsakanin rana da fuska, ni a ganina babu wanda ya kai shi idan aka haɗa farashi da juriya. Aibinsa biyu. Shi ma sau da yawa yana da wancan sinadarin shuɗi, kuma wanda aka shafa wa maganin hana ruwa shiga yakan yi rawaya idan ya daɗe yana shan rana. Na biyun, layukansa suna fitowa a jikin duk abin da ke ƙyalli. Ɗauki hoton kwalbar turare ko agogo da shi, ka faɗaɗa hoton, za ka ga murabba'ai a jere a kan gilashin.

Farin labulen banɗaki na roba mara zane yana baza haske fiye da yadda farashinsa zai sa ka zata, kuma girmansa, wajen santimita 180 kowane gefe, ya yi daidai da babban firam. Sai dai yana zuwa a ninke, kuma layin ninkin ba ya fita sai an rataye shi a rana ya yi laushi, domin dutsen guga narka shi zai yi. Yana ƙara a iska, wasunsu kuma suna jan haske zuwa kore-kore. Na gaggawa ne, ba na dindindin ba.

Takardar kwafar zane ta masu zanen gini, wadda ake sayarwa a naɗe a shagunan kayan rubutu, ita ce ta ba da mamaki a cikin masu arha. Ba ta da saƙa, don haka a jikin ƙarfe da gilashi haskenta yana kwanciya sumul, daga fari zuwa toka ba tare da tabo ba. Mai nauyin giram 90 ta wadatar. Faɗinta bai cika kai mita ɗaya ba, tana yagewa, tana lanƙwashewa da damina saboda laima, kuma takarda ce, wuta tana kama ta. Ga ƙaramin firam na kan tebur, santimita 60 da 90, don zobe, sarƙa, kwalba ko waya, tana yin aikin da mai tsada yake yi.

Sai waɗanda aka ƙera musamman don wannan aikin. Lee 216, na kamfanin Lee Filters da ke Ingila, farar leda ce siririya mai tauri da ke barin kashi 36 cikin ɗari na haske ya wuce, wato tana cin wajen mataki ɗaya da rabi. Ana sayar da ita a naɗi mai faɗin mita 1.22 da tsawon mita 7.62. Ƙannenta su ne Lee 250, mai rabin ƙarfinta, da Lee 251, mai rubu'i, waɗanda suke barin haske ya fi wucewa amma ba sa ɓoye fitila kamarta. Abin da kuɗinka yake saya a nan shi ne tabbas: launi tsaka-tsaki, babu saƙa, kuma naɗin da ka saya bana daidai yake da na baɗi. Idan kana ɗaukar hoton kaya don shagon intanet, inda dole hoton yau ya yi kama da na watan jiya, wannan tabbas ɗin ya fi ƙarfin tsadarta. Amma ba ta yafe ninki. Da ta karye sau ɗaya, layin ya zauna har abada, kuma zai fito a jikin kwalba. A naɗe ake ajiye ta cikin kwalinta. A waje kuma tana ƙara sosai idan iska ta taso.

Translum na kamfanin Savage a Amurka roba ce da ta fi wannan kauri, ana yin ta kala uku, mara nauyi, matsakaiciya da mai nauyi, tana cin mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ta fi Lee faɗi, ana goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, mai nauyin har ana shimfiɗa ta a ɗora kaya a kai a haska daga ƙasa. Nauyinta da kuɗin kawo ta daga waje su ne cikas. Wanda ba kullum yake hoton kayan ƙyalli ba, bai kamata ya wahalar da aljihunsa ba.

Duk wanda ka zaɓa, ka fara sayen abin ɗaurawar kafin ka yanka fayif. Kuskuren da aka saba yi shi ne a haɗa firam mai faɗin mita ɗaya da rabi, sannan a gano naɗin mita 1.22 ne, a koma haɗa biyu da salatif, layin haɗin kuma ya riƙa fitowa a hoto. Ga Lee 216, firam mai faɗin mita 1.15 da tsawon 1.8 ya yi, a kama gefen da manyan matsen takarda na ofis, ɗaya a kowane santimita 30. Fayif mai inci uku bisa huɗu yana ɗaukar wannan girman. Idan tsawon ya kai mita biyu, koma inci ɗaya, in ba haka ba tsakiyar za ta lanƙwasa yadin ya yi ciki. Kada ka sa gam a gwiwoyin, don ka iya kwancewa ka ɗauka a babur. Ga yadi kuwa, kai wa tela ya kalmashe gefen, ya ɗinka roba mai faɗi irin ta ƙugun wando a karkace a kowace kusurwa, yadda za ta maƙale a bayan gwiwa. Ya yanka yadin daidai da firam ko ƙasa da shi da santimita biyu, don ya ɗame.

Sau da yawa kuma ana ɗora wa yadi laifin da ba nasa ba. Idan filasha tana kusa da labulen sosai, tsakiya kawai take haskawa, sauran faɗin ya tashi a banza. Ja da ita baya mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka sa zuƙowar kanta a kan 24mm don ta buɗe, ka ɗauki hoton labulen kansa ka ga ko hasken ya cika shi. Labulen kuma ya matso kusa da fuskar, har ya kusa shiga hoto. Ga kwalba, akasin haka ake so: a matso da fitilar kusa da gefe ɗaya don hasken ya faro da ƙarfi ya riƙa dusashewa a jikin gilashin. Idan yadinka siriri ne yana nuna fitila, ninka shi biyu, amma ka bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu ta hanyar rataye na biyun a wani firam. Biyu a manne suna cin haske ne kawai fiye da yadda suke baza shi.

Zafi ba abin wasa ba ne. Filasha da LED ba su da matsala. Fitilar halojin mai wat 500 irin ta wurin gini kuwa, gilashin ƙwanta yana wuce digiri 250, zafin da ke narka nailan, balle labulen banɗaki ko takarda. Idan dole sai da ita, a bar aƙalla mita ɗaya tsakani, kada kuma a fita a bar ta a kunne. A waje, firam mai mita biyu kowane gefe iska tana ɗaukarsa kamar faifai, don haka buhun yashi a kan kowace ƙafa, ko mutum biyu su riƙe.

Gwajin launi na ƙarshe minti biyar yake ci, kuma gara a yi shi da ƙyallen rabin yadi kafin a sayi yadi biyar. Sa kyamara a kan saitin hannu, ka kafe ma'aunin farin, wato saitin launin haske, a 5500K, ka ɗauki hoton kati mai ruwan toka, irin na gwajin launi, da filasha tsirara, sannan ka sa ƙyallen a tsakani ka buɗe idon kyamara har hasken ya dawo daidai. Yawan buɗewar da ka yi shi ne matakin da yadin yake ci. A kwamfuta ka duba lambobin ja, kore da shuɗi a kan katin a hotunan biyu. Ɗan karkata zuwa rawaya ko shuɗi ana iya zama da shi idan fitila ɗaya ce. Wanda ya karkata zuwa kore, mayar wa mai shago, domin kore a baƙar fata yana sa ta yi toka-toka, kuma gyaransa a fuska ɗaya bayan ɗaya zai cinye maka dare.