Ra'ayina kan gidan zomayen da ke wajen hanyar Dutsinma, da batun kalar ɗiyan zomo

Masu tambaya ta inda na sayi zomayena a Katsina, to ga bayani a dunƙule don kar in ta maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Wurin wani dattijo ne a wajen hanyar Dutsinma, a cikin gidanshi yake kiwon, babu allo babu komai, kejuna ne jere a bayan gida ƙarƙashin rumfar zana da inuwar bedi. Ba zan sa sunanshi ba don ban nemi izininshi ba. In an ce in ba shi maki a biyar zan ba shi huɗu, kuma dalilin huɗun nan ba girman zomayen ba ne, duk da suna da girma, littafin da yake ajiyewa ne da kuma yadda ya san abin da yake sayarwa.

Abin da yake da shi New Zealand White ne, fararen nan tas masu jan ido, waɗanda asalinsu Amurka aka samar da su, sai Californian masu farin jiki da baƙin hanci da kunne da ƙafa da wutsiya, sai Chinchilla ruwan toka, da 'yan Dutch kaɗan. Kowane keji da lamba, kowace lamba da shafinta a wani tsohon littafi mai ƙwaƙƙwaran bango, ranar barbara, wane namiji, ranar haihuwa, guda nawa aka haifa, nawa suka rayu, da kalar kowanne. Wallahi a kasuwa ba za ka samu haka ba, a kasuwa mutum zai ɗago maka zomo ta kunne ya ce ɗan waje ne, shi ke nan bayanin ya ƙare. Shi kuwa Baba ko ɗagawa ta kunne ba ya yarda a yi a gabanshi, fatar wuya yake kamawa ya tallabe gindin da ɗaya hannun.

Mace na saya wurinshi, fara mai jan ido, na haɗa ta da wani baƙin namiji da nake da shi tun da. Cikin zomo wata ɗaya ne, kwana 28 zuwa 32, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa ta haihu lafiya lau. Ɗiyan zomo ba gashi ake haihuwarsu, ido rufe, amma tun ranar farko fatar na nuna maka abin da zai fito. Wanda zai zama fari fatarshi ja-ja ce duka, wanda zai zama baƙi duhu ne har ciki. Nawa da na buɗe sheƙar babu ja-ja ko ɗaya. Wasu duhu ne gaba ɗaya, wasu kuma bayansu duhu amma cikinsu da cikin kunnensu da haske. Da gashi ya fito, wajen kwana goma lokacin da suka fara buɗe ido, sai ga waɗancan masu hasken ciki sun zama ruwan ƙasa sak zomon daji, kalar da babu ita ga uwar babu ita ga uban.

Nan fa maƙwabcina da shi ma yake kiwo ya ce an cuce ni, ko dai da ciki aka sayar min da ita, ko kuma ba tsantsar iri ba ce. Irin maganar nan ce ke ɓata wa masu sayarwa na kirki suna a garin nan, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan, don na sha jin ana cewa wane macuci ne saboda kawai kalar ɗiya ba ta zo yadda aka zata ba.

Na koma wurin Baba da hotuna a waya. Bai ɗaga murya ba, ya ce ɗana zauna, ya ɗauko littafin ya buɗe shafin uwar da na kakarta. Ya ce farin zomo mai jan ido ba wai farar kala yake ɗauke da ita ba, kalar ce aka rufe, kamar a shafe bango da farar ƙasa, launin da ke ƙasa yana nan ba a dai ganinshi. Ita macen tawa a cikin jininta akwai ruwan ƙasa da baƙi, abin da ke hana su fitowa sai zomo ya gaje shi daga uwa da uba duka biyun sannan ya zama fari. Namijina baƙi ne bai ba da wannan abin ba, don haka murfin ya buɗe a jikin ɗiyan, kuma da yake ruwan ƙasa ya fi baƙi ƙarfi a gado, duk wanda ya samo shi daga uwar shi ya fito kamar na daji, sauran suka bi uban.

Da na je na karanta daga baya, abin da ya faɗa shi ne daidai abin da ke cikin ilimin ƙwayoyin gado, wanda Gregor Mendel ya wallafa a 1866 da gwajin da ya yi kan wani irin wake. Kowane hali zomo na da ƙwaya biyu a kanshi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wata na danne wata. Shi Baba bai kira sunan kowa ba, daga shekarun da ya yi yana rubutawa ya gano. Har ya faɗa min abin da zai faru gaba, wai ɗiyan nan duka suna ɗauke da farin a ɓoye, in na haɗa mace daga cikinsu da farin namiji mai jan ido kusan rabin abin da za ta haifa farare ne, in kuma masu ɓoyon biyu suka haɗu sai ka samu wajen ɗaya cikin huɗu. Kusan fa, ba lissafin dole ba ne a kowace haihuwa, wata ran ta haifi takwas babu fari ko ɗaya.

Abin da ya fi min amfani shi ne ya nuna min inda ya kamata mutum ya yi zargi da gaske. In uwa da uba duka farare ne tas masu jan ido, to ɗiyansu duka farare za su zo. In ka ga baƙi ko ruwan ƙasa a nan, wani namijin ne ya kai gare ta, ka je ka duba kejinka ko ka tambayi yaran gida. Amma fari da mai kala, komai na iya fitowa, har da dabbare-dabbare.

Ya nuna min wani shafin ma, uwa da uba duka gajeren gashi, sai ga ɗa guda ya fito buzu-buzu. Dogon gashi irin na zomon da ake kira Angora shi ma ɓoyuwa yake sai an gada ta ɓangare biyu, kuma da ya bi baya ya tarar akwai Angora a kakanni. Ya ce ya daina haɗa waɗannan biyun, don mai dogon gashi wahala kawai yake sha a zafin Katsina, watan uku zuwa na biyar zomo mai gajeren gashi ma da ƙyar yake, ka gan shi a miƙe yana haki kunnuwa sun yi ja. Su Californian kuma baƙin hancinsu da kunnensu sanyi ke ƙara mishi duhu, da hunturu ya yi baƙi sosai, da bazara ya kwashe, saboda haka wanda ya saya a watan ɗaya kar ya zo a watan huɗu ya ce an canza mishi zomo.

To inda maki ɗayan ya tafi. Kuɗinshi ya fi na kasuwa nesa, kusan ninki biyu, kuma ba ya ragi, in ka matsa sai ya ce Allah ya kawo kasuwa ya mayar da zomon keji. Waya kuma ba ya ɗauka, sai dai ka je da ƙafarka bayan la'asar. Sannan in ka ce a ba ka mace da namiji ba ka yi bayani ba, yaron da ke taya shi zai iya ciro maka wa da ƙanwa daga keji ɗaya, don haka ka ce a buɗe maka littafi ka ga lambobin iyayen da idonka. Ɓangaren da ke kusa da katanga ma warin fitsari na tashi da rana, ya kamata a ƙara share ƙarƙashin kejin, na kuma faɗa mishi haka.

Lafiyar dabbobin dai babu abin cewa. Na duba cikin kunnuwa babu ɓawon ƙazuwa, hanci a bushe, ƙarƙashin wutsiya babu alamar gudawa. Harawar gyada yake ba su da dusa da ganyen dankalin Hausa wanda ya bari ya ɗan yi yaushi, ruwa kuma a kaskon ƙasa don ya fi sanyi. Ba ya sayar da ɗan da bai kai sati shida ba ko nawa za ka ba shi, kuma sai ya ƙulla maka ɗan abincin da suka saba da shi a leda don kar canjin farat ɗaya ya ɓata musu ciki.

Wanda nama kawai yake so na miyar gida, kasuwa ta ishe shi, babu dalilin ya biya wannan kuɗin. Wanda kuma zai fara kiwo don ya riƙa sayar da iri, ya je wurin Baba, ya tafi da kwali mai huji da ɗan littafinshi, ya kwafi lambar uwa da uba da kalar kakanni kafin ya biya. Ni yanzu farin namiji nake jira daga haihuwar da ke tafe, na wani layin daban da na macena, ya ce sai bayan an yaye su.