Sharhi kan ɗaga fatar fuska da zare: wanne ke ɗagawa, wanne ba ya yi

Zaren PDO mai ƙaya (PDO sunan sinadarin da aka yi zaren da shi ne) aka sa min a ƙarƙashin fatar kumatu da layin muƙamuƙi, kuma hukuncina a kansa shi ne: yana aiki, amma aikinsa bai kai yadda ake tallarsa ba. Yawancin masu cizon yatsa bayan wannan aiki ba su san irin zaren da aka sa musu ba, domin sunan ɗaya ne a baki amma kayan sun sha bamban.

Abu biyu ke raba zare da zare: sinadarin da aka yi shi da shi, da siffarsa. Masu talla sun fi son maganar sinadari. PDO shi ne mafi yaɗuwa, irin zaren da likitocin tiyata suka daɗe suna ɗinki da shi a cikin jiki, kuma yana narkewa cikin wata 6 zuwa 8. Likitocin Koriya ta Kudu ne suka yayata amfani da shi a fuska. PLLA ya fi shi jimawa, yakan kai wata 12 zuwa 18, kuma ya fi tunzura fata ta samar da kolajin, wato furotin da ke ba ta ƙarfi da kauri. PCL ya fi su laushi, yana iya kai shekara 2 kafin ya ɓace. Akwai kuma tsohon yayi na zaren da ba ya narkewa sam, irin wanda likita Marlen Sulamanidze na ƙasar Jojiya ya fara fitarwa da sunan Aptos. A Amurka an sayar da makamancinsa, Contour Threads, aka janye shi daga kasuwa a 2007. Matsalar irin wannan zare ita ce idan ya karkace ko ya fito fili, ciro shi aiki ne ja.

Amma jimawar zare a cikin fata daban, jimawar ɗagawar daban. Wannan ne abin da ba a cika faɗa wa mutum ba.

Siffa ita ce ke yanke hukunci. Zaren mono santsi ne, siriri, ana soka shi da ƙaramar allura mai lamba 29 ko 30, guda 10 zuwa 20 ko fiye a wuri ɗaya, a jera su tsaye da kwance. Ba shi da abin kama nama, saboda haka ba ya ɗaga komai. Aikinsa ƙara wa fata kauri a hankali da rage ƙananan layukan yanƙwanewa. Duk wanda ya ce zai ɗaga maka kumatun da suka saki da mono, ya sayar maka da abin da ba shi ne ka je nema ba. Murɗaɗɗen zare, wanda ake naɗe ɗaya ko biyu a jikin allura, ɗan'uwan mono ne, sai dai yana ɗan cike wurin da ya rame.

Mai ɗagawa na gaskiya shi ne mai ƙaya, wanda ake kira kog. Ya fi kauri, yana shiga ta kanula mai lamba 18 ko 19 (ƙaramar lamba ita ce mafi kauri), wato allura mai dakusasshen baki da ke ture jijiyoyin jini maimakon huda su. A nan ma akwai tambayar da ya kamata a yi wa likita: ƙayoyin yanka su aka yi a jikin zaren, ko tare da shi aka zuba su a maƙera? Yankakku suna rage wa zaren kauri a duk inda wuƙa ta shiga, don haka sun fi saurin kwanciya ko tsinkewa. Zubabbu sun fi riƙo. Sannan zaren masu ƙayoyin da ke fuskantar gefe biyu suna kulle kansu a cikin nama, alhali masu fuskantar gefe ɗaya sai an samar musu wurin ɗaurewa a sama. Silhouette Soft kuwa, wani samfurin zare mai ɗagawa, ba ƙaya gare shi ba, ƙananan mazurarai ne guda 8, 12 ko 16 a jikin zaren.

Aikin kansa ba ya wuce awa ɗaya. Ana zana layuka a fuska mutum yana zaune a miƙe, domin idan ya kwanta fatar da ta saki tana komawa baya ta ɓoye matsalar. A goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi allurar kashe zafi a ƙofar shiga, galibi kusa da gashin gefen kai ko gaban kunne, da kan hanyar da kanular za ta bi. A huda ƙaramar kafa, a tura kanula cikin kitsen da ke ƙarƙashin fata, a zare ta a bar zaren, a tura naman sama da hannu har ƙayoyin su kama, sannan a datse bakin zaren ya nutse. Yawanci guda 3 zuwa 5 ne a kowane gefe. Zafin ba shi da yawa. Jin ana jan nama daga ciki da ƙarar da ke kai wa kunne su ne marasa daɗi.

Zurfin da kanula ta bi shi ne komai. Idan ta yi sama-sama, ƙaya na kama fatar kanta, sai wurin ya lotsa, ko a riƙa ganin layin zaren, musamman ga mai siririyar fata. Ƙaramar lotsawa takan baje cikin mako 1 zuwa 2. Wadda ta wuce haka sai likita ya saki ƙayar da hannu ko da allura. Idan ta nutse da yawa, ɗagawar ta lalace, kuma ana iya taɓa jijiyar motsin fuska ko hanyar yawu da ke ratsa kunci. Bakin zaren da ba a datse da kyau ba yana tsiro kamar ƙurji. Gashi ɗaya da ya bi kanula ya shiga ciki ya isa ya jawo mugunya, shi ya sa kumburi mai zafi da ja da ke ƙaruwa bayan kwana 3 ba abin jira ba ne. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu, ko mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a fara.

Makonnin farko na buƙatar haƙuri: kwanciya rigingine, ba wangale baki, ba tauna abu mai tauri, ba murza fuska ko zuwa likitan haƙori har mako 3 zuwa 4. Dalili shi ne ƙayoyin ba su gama zama ba, motsi mai ƙarfi na iya suɓutar da gefe ɗaya fuska ta karkace.

Kyan da ake gani a makon farko rabinsa kumburi ne, kada ya ruɗi kowa. Abin da ya rage bayan wata ɗaya shi ne na gaskiya, kuma milimita kaɗan ne: muƙamuƙi ya ɗan fito, layin gefen hanci ya ɗan yi laushi. Daga wata na 6 nauyin nama yana fara rinjaye, domin zaren na ratsa kitse a hankali kamar yadda zare ke yanka sabulu mai laushi. Saboda haka ya fi dacewa da mai shekara 35 zuwa 50 wanda fatarsa ta fara saki kaɗan, fuskarsa kuma ba ta da nauyi sosai. Mai kumatu masu nauyi ko fatar wuya da ta zubo, zare ko guda nawa aka sa ba zai riƙe ba, tiyatar ɗaga fuska ce maganinsa. Wanda kuwa ramewa ce damuwarsa, allurar cike gurbi ta fi masa amfani da kog.