Na bi masu "hoton fatalwa" tsohuwar maƙabarta: kamara ta yi, sauran ƙura ce

Ga duk mai tunanin biyan yaran nan masu studiyon hoto da ke talla a WhatsApp da TikTok wai "binciken dare", su kai ka tsohuwar maƙabarta su ɗauko maka hoton fatalwa, to ni dai na bi su na gani da idona. Hoto kam sun iya shi ƙwarai, fatalwa babu ko ɗaya, kuma akwai abin da suke yi cikin maƙabarta da bai yi mini ba ko kaɗan. Ba ni kama sunan studiyon, yara ne masu neman na kansu, wanda ya san su ya san su.

Jikka 5 ne kowane mutum, kuɗin kabu-kabu naka ne. Bayan lisha ake haɗuwa a gangara ƙasan gari wajen Gulbi, ɓangaren da tsohon Maradi yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka tada gari aka hau tudu. Wurin ya dace da tallarsu kam, kaburbura duk sun lotsa sun kusa shafewa, ga itatuwa ga jemagu, duhu ko tafin hannunka ba ka gani. Babban nasu na da baki, a hanya ya kawo labarin Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi suka kafa garin, su Ɗan Kasawa, da sarakunan da suka biyo bayansu irin su Ɗan Baskore, kuma bai yi ɓarna ba a nan, sai dai da mun shiga ciki sai ya fara cakuɗa mana Doguwa da kurwa da matattu wuri guda har ba ka san wa aka zo nema ba.

Kayan aikinsu Canon ce mai kyau da ƙafafunta uku, da rikoda, da wata 'yar na'ura ta hannu da ake kira K-II mai fitilu 5 daga kore zuwa ja. Ita ce tauraruwar dare, da ta yi ja sai ka ji mutane na salati. Abin da na'urar nan ke aunawa shi ne ƙarfin maganaɗisun da ke fita daga wayoyin wuta da kayan lantarki, aikinta ke nan, ka kai ta kusa da kwantar wuta ta Nigelec ko bayan firji za ta haska maka har ka gaji. Na lura duk sadda yaron da ke riƙe da tocila ya matso sai ta yi tsalle, ashe salula ce a aljihunsa kuma data a kunne. Na ce don Allah kowa ya kashe wayarsa mu gani. Aka kashe da ƙyar ana gunaguni, shi ke nan ta zauna kan kore ba ta ƙara motsi ba har muka tashi.

Sai zancen fararen ƙwallayen nan da ke fitowa a hoto suna shawagi bisa kaburbura, su ne suke sawa a status suna cewa rayuka ne. Jama'a a Maradi muke hwa, kuma lokacin hunturu. Idan filas ya tashi yana bugun ƙurar da ke dab da idon kamara, kamarar kuwa can nesa take kallo, sai ƙwayar ƙurar ta fito a dushe ta zama ƙwallo fari, haka ƙwaro ke yi, haka yayyafi ke yi. Na ce ya kashe filas ya ɗora ta kan ƙafa ya sake ɗaukar wuri ɗaya, hoto ya fito tas ba ƙwallo ko guda. Na shuri ƙasa na ce ya kunna filas, sai ga "rayuka" sun cika allo kamar an watsa gero. Mi ya ce mini? "Yaya, ai hasken ne ke tone su." Na ce to ƙanena, Allah ya ba da kasuwa.

Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne hoton da ake ganin wani farin abu dogo mai shara-shara tsaye tsakanin kaburbura, kana hango itacen bayansa ta cikin jikinsa, gaskiya ko ni da na gan shi a allon kamara tsigar jikina ta tashi. Amma da dare kamara buɗe ido take yi na daƙiƙa 20 ko 30 tana tattara haske, duk wanda ya ratsa ya ɗan tsaya ya wuce haka zai fito, kuma cikinmu akwai mai farar jallabiya da ya kasa zama wuri ɗaya. Dabarar hoton fatalwa ma ta girmi kakanninmu. Wani William Mumler a Boston ta Amurka ya yi kuɗi da ita tun shekarun 1860, yana ɗora hoto bisa hoto yana saida wa masu makoki, a 1869 aka kai shi kotu a New York amma aka sallame shi, shi ne ma ya yi wa matar Abraham Lincoln hoto da mijinta marigayi tsaye a bayanta. Na Faransa, Édouard Buguet, shi bai sha ba, a 1875 kotun Paris ta ɗaure shi shekara 1 bayan an samu 'yan tsana da hotunan kawuna a studiyonsa kuma ya amsa da bakinsa, amma duk da haka wasu da suka saya suka tsaya gaban alƙali suna rantsuwa 'yan uwansu ne suka gani. Yaranmu dai ban ce da gangan suke haɗa nasu ba, ina ga su ma sun yarda da abin.

Rikoda ba ta cancanci dogon zance ba, gyare ne da karnuka da kukan jaki can nesa, kuma kafin ya kunna sai ya gaya maka abin da za ka ji, to dole ka ji shi.

Abin da ya ɓata mini rai daban ne. Mun shiga ba wanda ya yi sallama ga mutanen kabari, ana tafe ana taka kaburbura don duhu, ƙafar kamara ɗaya an kafa ta bisa kabarin wani, kuma da idona na ga an ɗauke fasasshiyar tukunyar da ke alamar wani kabari an gusar da ita wai don hoto ya yi kyau, ba a maida ta ba sai da na yi magana. Wannan tukunyar ƙila ita kaɗai ta rage wa wasu su gane inda tsohonsu yake. Ga hadisin da ke cikin Muslim cewa gara mutum ya zauna kan garwashi ya ƙone tufarsa har fata da ya zauna kan kabari, kowa ya ji shi a wa'azi. Dattijon da ke gadin wurin ya fito da tocilarsa, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "'ya'yana, waɗanda ke kwance nan iyayen wasu ne", babban nasu ya ce "a yi haƙuri Baba" ya miƙa masa na goro aka ci gaba. Aljanu dai mun yarda akwai su, sura guda gare su a Alƙur'ani, amma mamaci yana barzahu, addu'a yake so. Ban da haka wurin akwai kunamu da macizai, ga tsohon kabari kan rufta da ƙafar mutum, su kuwa ko takalmi mai rufi ba su ce a sa ba.

Aikinsu da zan iya tura mutum shi ne na rana. Suna ɗaukar hoton kabari su tura wa dangi da ke Agadas ko Libiya ko Aljeriya waɗanda ba su samu jana'iza ba, suna kuma gyara tsofaffin hotunan da suka ci ruwa, na ga wasu a kwamfutarsu sun yi kyau sosai kuma ba tsada. Idan shi za ka sa su, ka tahi da su da kanka da hantsi, ka fara gaida mai gadi ka nemi izini, kuma ka ce masu kar su kunna filas.